Makin Clifford, Wahalar Glenys

Shekara goma sha huɗu muna kiran Glenys Hardcastle da sunan mijinta. Da ta sako ƙafa cikin motar magoya baya, riƙe da jaka da fulas ɗin shayi, sai 'yan kujerar baya su ɗauka: "Ga Clifford nan ya iso! Clifford, yau kuma jan-baki ka sha?" Ita ko a jikinta. Takan ɗaga musu hannu ta wuce kujerarta, ta uku a hannun hagu, jikin taga.

Sunana Norris. Tun da na ajiye aikin raba wasiƙu nake kula da motar da ke kai magoya bayan Thornbeck Town wasannin waje. Ni ke rubuta sunaye, ni ke ƙirga kawuna bayan an tsaya fitsari, ni ke shan zagi idan direba ya ɓace hanya. Don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi, in ban da wani ɗan yanki da Glenys ta ba ni labari da bakinta.

Abin ya samo asali ne shekarar da kulob ya fito da tsarin maki. Duk wasan waje da ka sayi tikitinsa, a rubuta maka maki a katinka: na kusa ɗaya, na nesa biyar. Ranar da tikiti ya yi ƙaranci, mai maki da yawa shi ake fara sayar wa. Lokacin Clifford ne mai katin, Glenys ba ta ma san 'yan wasa nawa ne a fili ba. Ya bi mu tafiya ɗaya tak, ta awa biyar zuwa kudu. Tun kafin mu fita gari ya fara amai, bai tsaya ba sai da muka isa, aka zura mana huɗu ba ko ɗaya, ya dawo yana amai. Da ya sauka ya rantse ba shi ba motata har abada.

Sai dai ya riga ya sayi tikitin mako biyu masu zuwa. Glenys ta ce ba za a yi asararsa ba, ta ɗauki katinsa ta zo. Ranar ta koma gida ba murya. Daga nan shi ke nan: ta gaje katin, ta gaje kujerarsa ta wasannin gida, shi kuma ya koma wa tattabarunsa, waɗanda tserensu dama ranar Asabar ake yi. Kowa ya samu abin da yake so. Ruwa, ƙanƙara, mota ta mutu a kan hanya, Glenys ba ta taɓa fashi ba. Katin Clifford ya tara maki dubu ɗaya da goma sha biyu, babu mai kamarsa duk kulob ɗin. Ni kaina ɗari tara da arba'in gare ni, saboda aikin da aka yi mini a ƙugu ya kwantar da ni wata huɗu.

To bana sai 'yan wasanmu suka yi abin da ba su saba ba, suka riƙa cin wasa. Ya rage wasa ɗaya, a Fenholme. In mun ci, mun hau rukuni na sama, abin da rabonmu da shi shekara ashirin da shida. Filin Fenholme kuwa bai fi makarantar firamare ba. Tikiti ɗari uku da tamanin suka ba mu, masu nema sun haura dubu uku.

Ranar Litinin kulob ya fitar da sanarwa. Da maki za a raba. Kuma saboda an ji wasu na shirin saye su sayar, za a duba katin shaida mai hoto a ƙofa. Duk wanda aka kama da katin wani, za a share makin gaba ɗaya, a dakatar da mai katin shekara guda.

Laraba da hantsi Glenys ta buga mini waya.

"Norris, ka zo ka ga abokinka kafin in yi abin da za a ji a labarai."

Na same shi a bayan gida, ƙofar ɗakin tattabaru, ya ɗaura laktaye a kan rigar aiki. A hannunsa akwai wasiƙa mai tambarin kulob, shugaban ya sa hannu da kansa. Ana taya Mista Clifford Hardcastle murnar zama magoyin baya na ɗaya, ana sanar da shi an ware masa tikiti mai lamba ɗaya, kuma gidan rediyon gari na son yin hira da shi.

"Karanta layi na uku," in ji Clifford. "Karanta da ƙarfi, Norris."

Na karanta: "Irinku ne ƙashin bayan wannan kulob."

"Ka ji ko? Ƙashin baya."

Glenys na tsaye a ƙofar kicin ta harɗe hannuwa. "Tambaye shi sunan mai tsaron gidanmu."

"Ba jarrabawa aka ce za a yi ba."

"Tambaye shi wa ke horar da su."

"Wani mai sanƙo."

"An kore shi shekara uku da suka wuce!"

Na ce, "Clifford, kai da ba ka iya zama a mota?"

"An fito da sababbin ƙwayoyi. Na tambaya a kemis." Ya ninke wasiƙar a hankali ya sa a aljihu. "Shekarata sittin da takwas, Norris. Ba wanda ya taɓa rubuto mini wasiƙa ya ce ni ne na ɗaya a wani abu. Ko a tseren tattabaru na uku na taɓa zuwa."

"Ba kai aka rubuto wa ba, ni aka rubuto wa!"

"Sunan wa ke jiki?"

Ta juya ta shige, ta bugo ƙofa har tattabaru suka tashi.

Hirar rediyo ranar Juma'a aka yi. Na saurara ina jiran asiri ya tonu. Da aka tambaye shi ɗan wasan da ya fi so, ya faɗi sunan wanda ya bar ƙwallo shekara tara yanzu yana sayar da tayoyi. Mai hirar ya ce, "Kun ji amana! Bai manta da 'yan jiya ba." Da aka tambaye shi tafiyar da ba zai manta ba, ya ba da labarin aman nan daga farko har ƙarshe. Mai hirar ya ce, "Kuma duk da haka bai daina ba. Shekara goma sha huɗu, jama'a." Clifford bai musa ba. Glenys ta ce mini a daidai wurin ta cire rediyon daga wuta ta sa shi a cikin firij, ita ma ba ta san dalili ba.

Ranar Lahadi da rana ƙungiyarmu ta magoya baya ta yi taro a ɗakin sama na mashayar da muke haɗuwa. Yawanci mu goma muke zuwa, rannan sai da aka aro kujeru daga ƙasa. Ni ne shugaban zama, domin babu mai so.

Kafin in buɗe baki Dale Utley ya miƙe. Ma'aikacin jinya ne a asibitin gari, ɗan shekara talatin da biyu, Asabar biyu cikin uku yana bakin aiki. Makinsa ɗari da sittin, an tsayar da rabo a ɗari shida da goma.

"Ni ba ruwana da faɗan miji da mata," in ji shi. "Tsarin ne gaba ɗaya zalunci. Ba ka samun tikiti sai kana da maki, ba ka samun maki sai ka samu tikiti. To ta ina mutum zai shiga? Ta taga?"

Wani daga baya ya ce, "Ina kake lokacin da muke zuwa ana lallasa mu a cikin ruwa?"

"Ina asibiti ina canja maka bututun fitsari, Baba. Ka manta?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, tsohon ya zauna.

Dale ya ci gaba: "Kun kulle ƙofa kun zauna a ciki, dukkanku masu furfura. Nan da shekara goma wa zai yi wa kulob ɗin ihu? Sandunanku? A ware ko kashi goma cikin ɗari a yi ƙuri'a, kowa ya gwada sa'arsa."

"Ƙuri'a?" in ji wata. "Wato wanda ya fara son ƙwallo jiya da yamma ya zauna a kujerata?"

"Ai ga shi nan ma ba ƙuri'a, wanda bai san sunan gola ba ne na ɗaya!" in ji Dale.

Duk ido ya koma kan Clifford. Ya tashi, ya gyara laktaye. Na ɗauka zai sake karanta mana layi na uku, amma ba haka ya yi ba.

"Na ji. Ban je ba. Amma wa ke tashi ƙarfe biyar na asuba ya kai ta inda mota ke tashi? Wa ke yanka mata burodi ya cika fulas? Da uwarta ta kwanta ciwo, wa ya zauna da ita kowace Asabar har shekara shida? Ranar da muka cika shekara talatin da aure, ku tambaye ta ina take. Tana can bakin teku tana zagin alƙalin wasa, ni ina gida ni kaɗai da waken gwangwani."

"Fanareti ne ƙarara ya hana mu ranar," in ji Glenys, amma muryarta ta sauka.

"To ni wannan duk ba maki a ciki? Ko ɗaya?"

Ban taɓa tunanin yadda Glenys ke isowa mota da burodinta a yanke ba, kuma na ga alama ba ni kaɗai ba ne.

Duk da haka aka kaɗa ƙuri'a, arba'in da ɗaya suka ce Glenys ta cancanci tikitin, uku suka ce Clifford, cikinsu har da shi kansa. Sai Dale ya tuna mana cewa ƙuri'armu ba ta da amfanin komai, tunda hoto za a duba a ƙofa. Wani ya kawo shawarar a manna wa Glenys gashin-baki a sa mata hula. Aka tsayar da su gefe da gefe don a gwada. Clifford dogo ne siriri mai sanƙo, Glenys kanta a kafaɗarsa ya tsaya. Mai shawarar ya janye da kansa. Abin da kawai aka cim ma shi ne a rubuta wa kulob takarda kan maganar ƙuri'ar Dale da maganar maki tsakanin iyali, aka ɗora mini rubutun.

A bakin matakala Glenys ta tare mijinta.

"Tikitin nan ko kai ka shiga da shi, ko kujerar ta zauna babu kowa. Ni kuwa ba zan yarda kujerar Thornbeck ta zauna wayam a rana irin wannan ba. Za ka je."

Fuskarsa ta washe.

"Kar ka yi murna. Za ka tsaya a kan ƙafarka minti casa'in, kuma za ka yi waƙa. Yau za mu fara."

Maƙwabtansu sun ce mako guda suna jin su ta bango. Ita ta ba da baiti, shi ya amsa, ta ce, "Kai tsoho, jana'iza ake yi? Sake!"

Asabar ƙarfe bakwai na safe suka iso tare. Glenys ta biya kuɗin mota duk da ba ta da tikiti. Ta ce gara ta tsaya a bayan katanga ta ji ihu da ta zauna a gida. 'Yan baya suka rasa yadda za su yi, ga Clifford biyu. A ƙarshe suka yanke shawarar shi za a riƙa kira Glenys. Ya amsa sau ɗaya, shi ke nan sunan ya bi shi.

Ƙwayoyin kemis sun yi aiki minti ashirin da biyar. Na duba agogo. Daga nan direba ya miƙo bokitin wanke mota, Clifford ya rungume shi har Fenholme, awa huɗu. Glenys na shafa masa baya da hannu ɗaya, ɗayan tana kaɗa masa waƙa a gwiwa.

"Tsakanin wannan aman da na gaba, ka maimaita baiti na biyu."

"Glenys, mutuwa zan yi."

"Sai bayan an tashi."

A ƙofar fili aka duba hotonsa, aka dube shi. Ya yi fari fat har mai dubawar ya yi shakka, ya sake dubawa, sannan ya bar shi ya wuce. Glenys ta cire gyalenta mai launin kulob, wanda ta je kowane wasa da shi, ta naɗa masa a wuya. Ta gyara jakarta ta bi jikin katanga ta tafi. Na daɗe ina kallonta, har na baya suka fara ture ni.

Da 'yan wasa suka fito, Clifford ya farfaɗo. Ya ga masu shuɗiyar riga, ya hau tafi yana ihu, "Ku ci su, yarana!" Mutum ɗari uku da saba'in da tara suka juyo suna kallonsa. Na damƙo hannunsa.

"Waɗannan Fenholme ne. Mu ne masu rawaya."

"Tun yaushe? Ai shuɗi muke sawa."

"A gida. In an fita waje rawaya ce."

"Ba wanda ya faɗa mini."

Amma maganar gaskiya ya yi waƙa. Duk baitin da aka ɗauko ya san shi, ko da yake yana riga kowa farawa, ya kuma gama bayan kowa. Wajen minti na talatin ya daina tambayata dokoki. Da aka dawo hutun rabin lokaci na ji yana zagin alƙalin wasa da wasu kalmomi da na tabbata a bakin matarsa ya tsince su.

Har minti na tamanin da takwas ba ci. Na riga na sallama. Sai muka samu bugun kusurwa. Aka bugo, aka yi turereniya a gaban raga, ƙwallo ta bugi gwiwar wani ɗan bayanmu da bai taɓa ci ba tun da aka saye shi, ta gangara a hankali kamar ba ta so, ta shige. Ban san abin da ya faru daga nan ba. Na dai tsinci kaina layi uku a ƙasa, rungume da wani da muka shekara biyar ba ma magana. A cikin wannan tsallen ne gwiwar hannuna ta sauka a kan hancin Clifford. Da na waiwayo yana tsaye, ya riƙe gyale da hannu biyu, hawaye na zuba shar-shar, baki buɗe. A gabansa akwai mai ɗaukar hoto na jaridar garinmu.

Aka tashi ɗaya da nema. Mun hau.

Glenys ta riga mu isa mota. Tana zaune a kan matakalar, fuska jawur, takalmin ƙafar hagu jiƙe sharkaf. Ga abin da ta faɗa mana a hanya.

Bayan filin akwai layin gidaje masu bene. Ta bi su tana ƙwanƙwasawa. Na farko ba kowa, na biyu aka sako mata kare. Na uku wata tsohuwa ta buɗe, sunanta Beryl, sanye da shuɗin gyalen Fenholme. Glenys ta zayyana mata komai a tsaye a bakin ƙofa, tun daga kati har laktaye. Beryl ta saurara har ƙarshe ta ce, "Ke ma naki haka yake? Shigo." Tagar banɗakinta na sama tana kallon filin, sai dai tana da tsawo. Beryl na da ɗan bencin da take takawa, Glenys ta hau kan murfin masai. A haka suka kalli wasan, kai biyu a taga ɗaya, kofin shayi a hannun kowacce, kowa na zagin 'yan wasan ɗaya cikin ladabi. Da ƙwallo ta shiga Glenys ta daka tsalle, murfin ya rabe biyu, ƙafarta ta faɗa ciki har idon sawu.

"Me ta ce?" na tambaya.

"Cewa ta yi dama ta daɗe tana so a canja shi. Ta ce kuma golan nan nasu ko jaririya aka ba shi sai ya yar." Ta dubi mijinta da hancinsa da ya kumbura. "Ka yi waƙar?"

"Tambayi Norris."

"Ya yi," na ce.

Ta zuba masa sauran shayin fulas. A hanyar dawowa bai yi amai ba, barci ya yi a kafaɗarta, 'yan baya na rera masa waƙar raino da sunan Glenys.

Da a nan abin ya tsaya, da an rabu lafiya. Litinin da safe jarida ta fito. Shafin farko gaba ɗaya fuskar Clifford ce, hawaye da gyale, an rubuta da manyan baƙaƙe: HAWAYEN SHEKARA GOMA SHA HUƊU. A ciki an ce bai taɓa fashin wasa ba. An kuma ce matarsa, "wadda ba ta damu da ƙwallo ba", ta yi haƙuri da shi tsawon wannan lokaci.

Ƙarfe tara da rabi suka tsaya a ƙofar gidana. Glenys ce ke tuƙi.

"Shigo, Norris. Shaida za ka yi."

Muka nufi ofishin sayar da tikiti. Yvonne Pickersgill ce a taga, kamar yadda take tun kafin a kawo kwamfuta. Glenys ta shimfiɗa jaridar a gabanta.

"Na zo in kai ƙarar kaina. Wannan mutumin sau biyu ya taɓa zuwa wasan waje. Sauran duk ni ce. Hawayen nan ma Norris ne ya buge shi a hanci. A share makin, a dakatar da mu, amma a san gaskiya."

Clifford ya yi tsuru-tsuru. Yvonne ta cire tabarau ta goge.

"Glenys, shekara goma sha huɗu kina zuwa tagar nan kina cewa tikitin Clifford Hardcastle. Da kika yi sabon kitso na yaba, da 'yarki ta haihu na ba ki kati. Ke a tunaninki wa na ɗauke ki?"

"To me ya sa kika aika masa wasiƙa?"

"Kwamfuta ce ta aika. Ita ba ta zuwa taga."

"To a mayar da makin sunana."

"Ba a mayarwa. Doka ta goma sha ɗaya." Ta jawo wani ɗan littafi ta buɗe. "Maki ba ya tashi daga kan mai shi zuwa kan wani, sai dai zuwa ga miji ko mata idan mai katin ya rasu."

Glenys ta juya a hankali ta dubi Clifford tun daga sanƙo har takalmi. Ya ja da baya taku ɗaya.

"Akwai fom ɗin a nan?" ta tambaya.

"Akwai."

"Ba ni ɗaya in ajiye."

"Glenys!" in ji Clifford.

"Ajiyewa na ce zan yi."

Yvonne ta miƙo mata, sannan ta ce game da ƙarar da aka kawo, ita kunnenta na hagu ba ya ji sosai, kuma ta hagu Glenys ta tsaya. Ta kira na gaba.

Glenys ta manna fom ɗin a ƙofar firij da ɗan maganaɗisu. Clifford ya ce mini wata biyu cur duk abin da ta dafa sai ya jira ta fara ci.

A watan Yuli kulob ya amsa takardarmu. Ko takardar ce ta yi aiki, ko Yvonne ce ta yi magana a sama, ban sani ba. Sun yarda sau ɗaya tak kowane iyali su daidaita maki a tsakaninsu, da ran kowa. Sun kuma ware kashi goma cikin ɗari na tikitin kowane wasan waje don ƙuri'a, ga duk wanda makinsa bai kai ba.

Clifford ya sa hannu ba gardama, amma ya riƙe maki goma. Ya ce tafiya biyu ya yi da cikinsa, kuma ba mai raba shi da su. Glenys ta ce ta bar masa. Ta karɓi katinta sabo, mai sunanta da hotonta, maki dubu ɗaya da bakwai. Ta zo har gida ta nuna mini, ta ce hoton bai yi kyau ba, ta ƙi mayar da shi jaka.

Wasan waje na farko a sabon rukuni da wani babban kulob ne, kowa na so. Tikiti ɗari da ashirin aka sa a ƙuri'a, mutum dubu biyu da wani abu suka shiga. Dale ya nemi hutu tun wata guda kafin ranar, ya sauya aiki da mutum biyu, ya shigar da sunansa a minti na farko. Clifford ma ya shigar, wai don ya ga yadda abin ke aiki a waya.

Sunan Clifford ya fito. Na Dale bai fito ba.

Dale ya same ni a kantin jarida, ko gaisuwa babu.

"Norris, mutumin da ya tafa wa Fenholme?"

"Ƙuri'a ce, Dale. Kai ka kawo ta."

"Ba irin wannan na ce ba. Ya kamata a sa sharaɗi. A ce sai mai maki ɗari zuwa sama zai shiga."

"Wato ka kulle ƙofa."

"Ba kullewa ba ne, sakayawa ne kaɗan."

Ya rubuto sabon ƙorafi shafi huɗu, da lambobi a gefe. Na sa shi a jadawalin taronmu na Lahadi mai zuwa, abu na biyu, bayan maganar banɗakin mota da ya toshe.